Sunana a Jikin Tayar Aro

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, amma in na rufe ido don in tuna shi, ba kwanciyarsa ta ƙarshe nake gani ba. Wani dogon saurayi nake gani cikin farin kaftani, yana gangaro da tayar mota da hannu ɗaya a layinmu na Pumpumre, yana tsayawa ƙofa-ƙofa yana tambaya. Ranar ina zaune a zaure da littafin soyayya a cinya, irin waɗanda fatake ke kawo mana Garwa daga Kano a tsakanin dilolin atamfa. Saurayin cikin littafin a mota mai sanyi ya zo, da fure a hannu. Na ɗaga kai sai ga wannan a ƙasa, yana kora taya kamar mai kora akuya, kuma babu ko ɗigon baƙi a rigarsa. Na ce a raina, wanda zai iya tafiya da taya cikin fararen kaya bai ɓata su ba, zai iya riƙe zuciyar mace bai murje ta ba. Ina ganiyar 'yanmatanci a lokacin, irin tunanin da nake yi ke nan.

Sunansa Isiyaku. Yana raye ban taɓa kiran sunan nan ba, yau ma da ƙyar alƙalami ya yarda ya rubuta. Baban Ummi nake ce masa, kuma haka zan riƙa kiransa a nan, ko da yake a farkon labarin Ummi ba ta ma yi mafarkin zuwa duniya ba.

Tayar da yake korawa ta mahaifina ce, Alhaji Mamman, mai motocin ɗauko gyaɗa da doya daga Poli. Wani direbansa ne ya ara masa a hanya, ya zo mayarwa. Tayar da ake ajiyewa don ranar tsiya, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira safaya, mu a nan sekur muke ce mata. Direbobin hanyar Poli suna da ƙa'ida a kanta wadda ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda ya isa ya karya. In ka tarar da mota a gefen hanya ƙafa ɗaya a sama, ka sauke sekur ɗinka ka ba shi. Ba a tambayar suna, ba a maganar lada. Kowane direba yana da alamarsa da ya yi da fenti a jikin ƙarfen tayar, wani jan ɗigo, wani koren zobe, mai aro ya bi alamar ya kai ta tasha ko gida. In kafin ya mayar ya tarar da wani a maƙale, sai ya miƙa masa ita, nauyin mayarwa ya koma wuyan wancan. Ba a mayar da ita da yunwa, sai an cika ta da iska an ƙulla goro a tsumma an soke a ƙarfen. Babbar ƙa'idar kuma ita ce, ba a cire sekur daga ƙarƙashin mota mai kaya, ko da taka ce. Abin ya yi tasiri ne don motocin wancan zamani kusan 'yan gida ɗaya ne, ramukan noti iri ɗaya, tayar wannan takan zauna a ƙafar waccan.

Na tuna duk wannan ne bara, ranar da autanmu Nasiru ya shigo gida da motar da ya sayo daga Duwala. Mota ce kyakkyawa, irin wadda nake karantawa a littattafai. Na zagaya bayanta na ce ya buɗe min but. Ya ɗaga dardumar, ina jiran in ga baƙar taya a kwance, sai na ga soso an yanka masa gurbi, a ciki wata 'yar na'urar ba da iska da wata kwalba mai farin gam. Na ce ina sekur? Ya ce, “Inna, yanzu ba a yi. Ƙusa ta soke ka, ka ɗura gam, ka jona wannan a batir, ka wuce.” Ya ce wasu motocin suna zuwa da wata 'yar siririya da ba a gudu da ita, ba a kuma nisa. Wasu kuma tayarsu kan ci gaba da tafiya ko iska ta fita, har ka kai gari. Na saurare shi har ya gama, ina ta kallon gurbin nan, ina jin kamar na shiga ɗaki na tarar an fitar da gado.

Bari in koma baya. Bayan mayar da taya, Baban Ummi ya riƙa samun dalilin bin layinmu, har dalilin ya kai ga sallama, sallama ta kai ga zance. Sai dai zancen nasa bai yi kama da na littafi ba ko kaɗan. Ni ina jiran a ce min tauraruwa, shi yana gaya min ruwa ya cinye wata kwalbati bayan Karfur, wato mahaɗar da ake barin kwalta a kama jan titin Poli. Wata rana na gaji, na juya masa ƙeya na ce, “Samarin kirki wasiƙa suke rubutawa. Kai ko layi ɗaya ba ka taɓa rubuto min ba.” Ya dubi takalminsa, ya ce, “To.”

Da ya sake zuwa, da motarsa ya zo, 'yar akori-kura da ya mallaka da gumin goshinsa. Ya kira ni bayanta ya nuna min. Ya shafe shuɗiyar alamarsa daga jikin sekur, ya zagaye ƙarfen da farin fenti, harafi bayan harafi: BALARABA. A ƙarshe ya zana fure, wanda in gaskiya za a bi ya fi kama da albasa. Ya ce, “Takarda tana ɓata. Wannan kuwa ba na fita sai da ita.” Ban taɓa karanta kalami mai daɗin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. So hana ganin laifi. Daga ni har shi ba wanda ya tuna cewa sekur ba ta zama wurin mai ita.

Ba a jima ba ya tarar da wani a hanya ya ba shi. Wancan ya miƙa wa wani, wani ya miƙa wa wani. Sunana ya shiga bakin 'yan tasha. Wannan ya ce jiya ya gan ni a Gider, wancan ya ce ƙarya ne, shi da ni ya haye gadar Binuwai, a kwashe da dariya. Ba wanda ya yi nufin sharri, amma magana zarar bunu ce. A rumfar kasuwa mahaifina ya ji, daga bakin wani abokinsa da ya ɗauka abin raha ne. Lokacin kuwa an riga an karɓi goron gaisuwa daga iyayen Baban Ummi.

Mahaifina ya sa aka kira shi. Ina bayan ƙofar zaure ina jin komai. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

“Isiyaku, sunan nan ni na raɗa shi, da rago. Ban raɗa shi don ya sha taɓo a ƙarƙashin motar kowane ɗan tasha ba. Kafin a tafi masallacin Juma'a ka kawo min ƙarfen nan a kankare shi a gabana. In ba haka ba, in mayar wa iyayenka goronsu.”

A littattafai, nan ne saurayi kan miƙe ya yi dogon jawabi. Nawa cewa ya yi, “To, Baba,” ya saka takalminsa. Ni kuwa ranar na gane cewa hawayen da nake zubarwa a kan shafi wasan yara ne.

Ya ajiye motarsa a tasha, don direban kirki ba ya fita ba sekur, ya riƙa bin motocin mutane yana cigiya. A ce masa ta yi arewa da mai albasa, ya je, a ce ai ta juyo. Sai ranar Alhamis da la'asar ya same ta, can bayan Karfur, a ƙafar wata tsohuwar mota da ta tsaya shan ruwa. Mai motar sunansa Matiyu, Kirista ne daga duwatsun bayan Poli, manomi mai ɗan taɓa fatauci. Daga bakinsa na ji abin da ya faru a wurin, shekaru bayan haka, don Baban Ummi bai taɓa ba ni labarin ba.

Motar maƙare take da siminti wanda mutanen ƙauyensu suka haɗa hannu suka saya don gina rijiya. Tayar Matiyu dutse ya yage ta a gefe, irin yagewar da faci ba ya kamawa, kuma ba inda za a sami wata sai Garwa. Sama ta yi baƙi, hadari ya haɗo daga gabas. In aka bi shi har kan dutse a jira ya sauke kaya, Juma'a ta wuce. Baban Ummi kuwa hannu biyu ya zo, ba shi da wata da zai musanya. Da ya gaya masa abin da ya kawo shi, Matiyu ya riƙe baki ya ce, “Yau ga ta'asa! Ashe matar mutum nake takawa tun safe. Cire abarka, ɗan'uwa. Mu sauke siminti mu lulluɓe, Allah ya kiyaye.” Tamfol ɗin nasa kuwa duk huda ne, su biyun sun gani.

Baban Ummi ya dubi sama, ya dubi buhunan, ya ce, “Kana da wuƙa?”

Ya shimfiɗa hankicinsa a ƙasa daidai ƙarƙashin ƙarfen, ya kwanta a jar ƙasa da fararen kayansa, ya shiga kankare sunana, fentin yana zuba a kan hankicin. Matiyu ya tsuguna kusa da shi ya ce, “Direba, ka san in ba alama ta zama marainiya? In na miƙa wa wani a gaba, wa zai san gidanku?” Ya ce, “Na sani. Matsa, kana tare min haske.” Har furen mai kama da albasa bai bari ba. Ya ƙulle hankicin, ya ce wa Matiyu ya tayar da mota kafin ruwa ya sauko.

Ranar Juma'a da hantsi ya yi sallama a zaurenmu. Na leƙa ta kafar ƙofa. Karo na farko ke nan da na ga datti a jikinsa, kaftanin ya koma ja tun daga kafaɗa har ƙasa, kuma ba taya. Ya durƙusa ya kwance hankicin a gaban mahaifina.

“Ga sunan, Baba. Duk na kwaso shi.”

“Ni ƙarfe na ce.”

“Haka ka ce, Baba. Yana ƙarƙashin kaya.”

“Kayan wa?”

“Simintin rijiya ne, na wasu mutanen dutse. Hadari ya taso.”

“Ka san mai motar?”

“Jiya na fara ganinsa.”

Mahaifina, kafin ya zama Alhaji mai motoci, yaron mota ne a wannan hanyar. Ya sa yatsa ya motsa farin garin nan. Can ya ce, “Wato yanzu ba ka da sekur.”

“Ba ni da ita, Baba.”

“To, ni ba na ba da 'yata ga direban da ba shi da sekur.”

Na juya zan koma ciki. Sai na ji ya ɗaga murya yana kiran direbansa: “Kai, Hamadu! Shiga sito ka gangaro masa da guda. Kai kuma ka sa mata alama irin ta mutane, ba sunan 'yar mutane ba.” Ya naɗe hankicin ya jefa a aljihun babbar rigarsa, ya miƙe ya tafi alwala. Ban sake ganin hankicin nan ba har ya koma ga Allah, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Mun zauna da Baban Ummi har muka aurar da Ummi, muka ga jikoki. Bai sake rubuta min ko harafi ɗaya ba, ni ma ban sake nema ba. Ciwon hawan jini ne ya sauke shi daga sitiyari, daga baya ya yi ajalinsa, a ɗakinsa, da rana tsaka, kansa a cinyata. Wannan kaɗai ne wurin da rayuwarmu ta bi littafi sau da ƙafa.

Nakan tambayi kaina, da yana nan me zai ce da motar Nasiru? Kada wani ya ɗauka mutum ne mai ƙin sabon abu. Ya riski zuwan taya marar tub, kuma na tuna ranar da ya dawo gida yana ta mamaki ya ga mai faci ya cire ƙusa, ya cusa wata 'yar igiya mai danƙo a ramin, ko taya bai kwance ba. Ya ce wanda ya ƙago wannan ya hutar da mutane. 'Yar na'urar iskar nan da ya so ta ƙwarai, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka famfo a rana. Na tabbata da ya jona ta ya kashe, ya sake jonawa, kamar yaro da sabon abin wasa. Amma da ya ɗauki kwalbar gam ya jujjuya, ya ce wannan maganin ƙusa ne, ba maganin dutsen Poli ba, don gam ba ya ɗinke gefen da ya yage. Wanda ya ƙera motar yana tunanin hanya mai santsi ne, da gareji a kowace kwana, da wayar da za a kira a zo a ja ka. Can ƙasarsu wataƙila haka ne. Daga nan sai ya yi tambayar da na san ita ce a ransa: in ka tarar da wani a maƙale, me za ka sauke ka ba shi? Kwalba sau ɗaya ake ɗurawa ta ƙare. Ba ta zuwa Gider ta dawo, ba ta kai ka ƙofar gidan da ba ka sani ba. Ni dai da kwalba ce a motar direban mahaifina, da ban yi aure inda na yi ba.

Ba na zargin 'ya'yan yau. Motoci sun bambanta, ramukan noti sun bambanta, ko kana so ka taimaka ba lalle taka ta zauna a ƙafar wani ba. Hanyoyin ma, musamman can wajen Mora, sun ga abin da ya sa mutum ke tsoron tsaya wa baƙo. Amma hali zanen dutse ne. Nasiru ya ji ƙorafina har ya gaji, ya je ya nemo cikakkiyar taya ya kwantar a but, ta cinye masa rabin wurin kaya, matarsa tana ta mita. Kwanan baya ya dawo daga tafiya babu ita. Na tambaye shi, ya sosa ƙeya ya ce ya ga wata mota irin tasa a gefen hanya da mata da yara a ciki. Na shiga ɗaki. Baban Ummi bai bar mana gidan bene ba, bai bar jerin motoci ba. Wannan hali shi ne abin da ya bari, kuma ina ɗaga kai a ko'ina in ce ni matarsa ce.

Saura Matiyu. Bayan bikinmu da 'yan makonni sai ga shi a ƙofar gida, ya yi ta cigiya har ya gano mu, yana kore da tayar nan cike da iska. Baban Ummi ya fito ya zagaya ta, ya duƙa ya duba ƙarfen, ya ce, “Ban ga alamata ba. Ba tawa ba ce.” Matiyu ya rantse, ya yi magiya da Hausa, ya koma Fillanci, a banza. Aka ba shi tuwo ya ci, ya koma da ita. Tun daga ranar ba a taɓa girbin doya rabonmu bai iso ba, kuma ranar jana'izar Baban Ummi yana tsaye a bayan sahu, hularsa a hannu, har aka watse.

Yanzu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, ya daɗe da sayar da motar. Yana zama a Karfur a gindin wata bishiya, kusa da rumfar abincin 'yarsa Marta. Ƙarfen nan yana wurinsa. Robar jikinsa ta sauya ban san sau nawa ba, har yau kuma bai yarda an sa masa alama ba. Motocin da yake shiga ƙafarsu sun ragu, sai tsofaffin akori-kura masu hawa dutse, amma direbobinsu sun san bishiyar. Da rani na sa Nasiru ya kai ni na gaishe shi. Da jin muryata ya ce, “Amarya!” don bai taɓa sauya min suna ba. Na duba jikin bishiyar inda aka ce yana jingine tayar, na ga wayam, sai sawunta a ƙasa.

Na ce, “Ina take?”

Ya ce, “Ta tafi aiki.”

“Wa ya ɗauka?”

“Ban tambaya ba. Murya dai ta yaro ce, kuma ya ce yana da kaya.”

“To, in bai dawo da ita ba fa?”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Marta ta miƙo masa ruwa. Ya sha, ya goge baki, ya ce, “Haba, Amarya. Da don ta dawo ne, ai da mijinki bai kankare ba.” Sannan ya ɗaga min hannu in yi shiru, ya karkata kunne wajen jan titi, don akwai wata mota da ke gangarowa daga Poli, kuma bai gamsu da ƙarar ƙafarta ta baya ba.